Zuwa Damagaram a kan babur cikin bazara

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina son in je Damagaram daga Kano a kan Boxer ɗina cikin watan Afrilu, in gaishe da kawuna da ke fama da jinya. Kuɗin mota ya yi mini yawa. Zafin nan ne kawai ke damuna. Wa ya taɓa bin hanyar?

Bakazaure: Wa alaikumus salam. Na bi ta sau biyu, ta Kazaure da Daura, na tsallaka iyaka a Kongolam, sai Matameye. Ƙanena, ka tashi bayan sallar Asuba. Kafin azahar rana ta kan wuce digiri 40, iskar ma kamar daga bakin murhu take fitowa. In ta take, ka nemi inuwa ka jira la'asar, injin ma ya huce.

Mai gyaran babura: Ka canza baƙin mai kafin ka tashi, ka duba sarƙa. Kada ka cika taya da iska sosai, kwalta mai zafi na ƙara mata. Ka ɗauki tiyub guda da famfo.

Hajiya daga Matameye: Ɗana, ruwa jarka guda, da rawani da riga mai dogon hannu. Takardun babur su kasance a aljihunka. Allah ya ba kawu lafiya.

Ɗan Fagge: Amin, Hajiya. Na gode ƙwarai. Asabar zan tashi in sha Allahu.