Ƙwan sauti, tilo da lugude: sunayen da nake so mu tsayar

Masu gyaran rediyo da masu son kiɗa a gida, ga magana. Akwai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da Turawa ke kira single-ended tube amplifier, kuma duk wanda zai fara harkar yana tuntuɓe da sunan tun kafin ya taɓa waya. Ina so mu yi mata suna da Hausa.

Mu fara da kwalbar gilashin da ke cikinta. Ingila suna cewa valve, Amurka suna cewa tube. Idan muka ara, bawul da tiyub za mu samu, kuma dukansu masu faci sun riga mu. Ka je kasuwa ka ce kana neman bawul, wajen mai taya za a tura ka.

Ni na zaɓi ƙwan sauti. Dalili, ɗan'uwan ƙwan fitila ne na jini. Gilashi ne da aka zuƙe wa iska, da siririn zare a ciki. Zaren ya yi ja, zafinsa ya saki lantarki, lantarkin ya tsallaka zuwa wani farantin ƙarfe. John Ambrose Fleming ya yi wannan a Ingila a 1904. A 1906 Lee de Forest a Amurka ya sa 'yar raga tsakanin zaren da farantin, sai ya zama ɗan motsi kaɗan a ragar yana juya wuta mai yawa a farantin. Nan ƙarin sauti ya samo asali. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan tsohuwar rediyo ƙirar Grundig ko Philips ta gidan kakansa ya ga ƙwayayen nan jere suna ja kamar garwashi, kuma ya san sai an jira sun ɗumama kafin murya ta fito.

Wani dattijo mai gyara ya ce mini kwalba suke cewa tun suna yara. Baba, na girmama wannan, amma kwalba ba ta nuna akwai wuta a ciki. Ƙwai yana nunawa.

Inda aikin yake shi ne kalmar farko, wato single-ended. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. A yawancin amfilifaya masu ƙarfi ƙwai biyu ne ke tuƙa lasifika: wannan yana sama wancan yana ƙasa, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Turawa na ce masa push-pull. Mu lugude muke da shi, kuma ba na jin akwai kalmar da ta fi ta dacewa. Ɗaya tsarin kuwa, ƙwai guda ne ke ɗaukar hawan da saukar duka, ba ya hutawa ko babu kiɗa. Shi na kira tilo.

An ba da shawarar "mai ƙwai ɗaya". Ban karɓa ba, domin zai ruɗa mai saye. Ka buɗe akwatin za ka iya ganin huɗu ko biyar: ƙanana masu ɗaga sautin farko, wani mai gyara wuta, sannan manya biyu, ɗaya na lasifikar dama ɗaya na hagu. Tilo yana nufin kowace lasifika ƙwai guda ne ke tuƙa ta a matakin ƙarshe.

Sunan kuma yana gaya wa sabon shiga abin da zai tarar. Tilo ba ta da ƙarfi. Ƙwan 300B na Western Electric, wanda ya fito a 1938, wajen wat 8 yake bayarwa. 2A3 na RCA bai kai 4 ba. EL84, wanda ya fi araha kuma da shi nake ba mai farawa shawara, wat 4 zuwa 5. Saboda haka lasifika mai saurin amsawa ake nema mata, ta desibel 90 zuwa sama a ma'aunin ƙarar sauti, da ɗaki madaidaici. Ba kayan gidan biki ba ce. Abin da ake samu a madadin ƙarfin shi ne murya mai taushi, da haɗin wayoyi mai sauƙi wanda mutum zai bi da ido ya gane.

Gargaɗi, kuma da gaske nake: a ciki akwai wuta bolt 250 zuwa sama da 400, kafasita, wato ma'ajiyar wutar da ke ciki, tana riƙe ta ko an zare filogi. Kada a kunna ba lasifika a jone, taransifomar da ke miƙa sauti ga lasifika na iya ƙonewa. Wadda aka yi don Japan ko Amurka kuma, bolt 100 ko 120 take ci, tamu 230 ce, sai da abin rage wuta.

Ga su a jimla: "Malam, amfilifayar ƙwai nake nema, tilo, ba lugude ba." A bakina ta zauna.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, na san Faransanci fitila yake ce wa ƙwan. Ku a shagunanku me kuke cewa? Idan akwai kalmar da ta riga ta zauna a can, ku kawo mu auna ta da wannan.