Notin salansar tarakta ya ƙi kwancewa, a ba ni shawara

Salam 'yan uwa, musamman kanikawa da masu walda. Salansar taraktarmu Massey Ferguson 375 ce ta huje, ƙara kamar me, na samo wata zan ɗaura amma notukan da suka riƙe ta a bakin manifol (bututun da hayaƙi ke bi ya fita daga inji) sun ƙi motsi sam, tsatsa ta cinye su sun zama ɗaya da ƙarfen. Na jiƙa su da man birki da kananzir sun kwana, na ɗan bubbuga da guduma, na zura wa sufana bututu na danna, ɗaya ne kawai ya yi ƙara ya saki. Wani ma kansa ya fara sulɓewa, sufana sai zamewa take.

Wani oga ya ce in gasa notin da wutar gas har ya yi ja, to ni tsorona manifol ɗin kas ne, wato ƙarfen zubi, kar zafi ya tsaga shi, kuma in sitod, wato ƙarfen da ake ɗaura notin a kai, ya karye a ciki aiki ya dawo sabo. Ga damina ta kawo kai, masu huɗa sai kira suke.

Notin kaɗai ake gasawa ko har gefensa? Ko gara a yanke shi, ko a walda wani noti a kai?