Carinar Malam Habu tana yawo a titi: alaimen ne ko taya?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Carina E ɗina ta 1996 ta fara ba ni tsoro. Jiya da na taso daga Bauchi, tun daga Alkaleri har Bara ban iya cire hannu ɗaya daga sitiyari ba. Da na kai 80 sai ta fara yawo, ta nufi dama, in gyara ta, ta zarce hagu. In tirela ta wuce ni kuwa sai salati. Sau biyu ana yi mini alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, cikin wata uku, ba abin da ya canza. Tayoyin gaba na kwance ne, kafin azumi na saye su, zanensu yana nan raɗau.

Bappa Direba: Wa alaikumus salam. Malam, alaimen ne, kada kowa ya ruɗe ka. Shekara 19 ina bin hanyar Gombe zuwa Yola, ramin da ban faɗa ba tsakanin Kaltungo da Cham ba a haƙa shi ba tukuna. Taya mai zane ba ta sa mota yawo. Masu yi maka ne na zare da ido. Je ka wurin na kwamfuta, ka dawo ka gode mini.

Oga Sale: Bappa, da girmanka. Mutum ya ce sau biyu an yi, kai kuma ka ce ya ƙara na uku? Malam Habu, kafin ka kashe ko sisi amsa mini: ja take yi gefe ɗaya, ko yawo take yi dama da hagu, ko sitiyarin ne ke karkarwa a hannunka? Cuta uku ce, kowace da maganinta, amma duk wanda ya shigo gareji sai ya ce "motata ba ta tsayawa".

Malam Habu: Oga, babu karkarwa. Yawo ne, amma in na sassauta hannu ta fi son dama.

Bappa Direba: Ka ji ko! Dama take ja. Me ya rage?

Injiniya Musa: Bappa, ɗan jan dama ba hujja ba ne. Titi ana yin sa da tudu a tsakiya don ruwan sama ya gangara gefe, mu kuma a hannun dama muke tuƙi, to kusan kowace mota tana ɗan karkata can. Sannan inda manyan motocin siminti suka yi wa kwalta kwari, taya takan bi kwarin da kanta. Malam, gwada ta a shimfiɗaɗɗen wuri tukuna.

Oga Sale: Yauwa Injiniya. Ga gwajin da ba ya cin kuɗi sai na mai faci. Na farko iska. Da safe, tayoyin suna da sanyi, a sa geji a kan kowace. Irin motarka wajen 30 zuwa 32 take so, adadin yana rubuce a littafin mota ko a takardar da ke jikin ƙofa. Yaran nan kuwa 45 ko 50 suke dannawa, wai don taya ta yi tsaye. Lambar da suke gani a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar take so ba. Taya in ta cika da iska tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, sai motar ta yi ta tsalle tana bin duk wani layi na kwalta. In ɗaya ta fi ɗaya kuma, sai ta ja ka ɓangaren mai ƙarancin iska. Na biyu, a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. In jan ya koma hagu, tayar ce, ko na'urar Jamus aka kawo ba za ta gyara ba. Sai dai ka duba, in akwai kibiya a gefen tayar, mai hanya ɗaya ce, gwaji kawai za ka yi ka mayar da ita.

Bappa Direba: Ya ce zanenta raɗau, Sale. Ta yaya taya mai zane za ta ja mota?

Oga Sale: Zane fuska ce, Bappa, ciwon yana ciki. A ƙarƙashin robar nan akwai wayoyin ƙarfe da aka shimfiɗa kamar tabarma. In suka saki ko suka goce, tayar ba ta zama daidai a ƙasa, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Mirgina bokiti a tsakar gida ka gani ko zai tafi miƙe. Makon da ya wuce na ɗaga wata Golf, na juya tayar da hannu, zanen yana tafiya yana lanƙwasa kamar maciji, ga ƙullutu kamar ƙwan zabo ta ciki inda ido ba ya kai wa. Mai motar sau uku yana biyan kuɗin alaimen.

Hajiya Laraba: Ni dai tambaya ce da ni, tunda ni ma na kwancen nake saya. An ce akwai shekarar taya a jikinta. A ina ake gani?

Injiniya Musa: Hajiya, nemi inda aka rubuta DOT, ki bi layin har ƙarshe, za ki ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku kika gani, kafin 2000 aka yi ta, ki bar musu abinsu. Ki kuma kula da alamar dutse da ƙanƙara a gefe: tayar hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, ba don zafin Gombe na watan Afrilu aka yi ta ba. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a ƙasar nan a 2007 da 2008, duk abin da muke takawa daga waje yake zuwa, sai mutum ya buɗe ido.

Bappa Direba: Turanci ya yi yawa. Mu da muke kan titi kullum, kwancen muke sawa, ga mu da rai.

Hajiya Laraba: Bappa, ai ranka a hannun Allah yake, ba a hannun tayar ba. Amma fasinjanka fa suna da haƙƙi.

Oga Sale: Ban ma gama ba. Ba na cewa Bappa ya yi ƙarya gaba ɗaya. In bakin tayoyin gaba ya buɗe waje, mota tana yawo, kuma za ka ji shaidar: shafa zanen da tafin hannu, ta nan santsi, ta can kaifi kamar haƙoran zarto. Amma me ya buɗe shi? Mota mai shekara kusan talatin a kan hanyoyinmu, tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) da boljoyin (gaɓar da taya ke juyawa a kai) da bushin (robobin da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota) sun ci wuya. In suna wasa, kana saita ta a gareji, kafin ka kai Tumfure ta kwance. Kamar ɗaure akuya ne a turken da ke girgiɗi. Malam, a ɗaga motar a jak, a kama tayar ta gefe da gefe a girgiza: in ta yi ƙas-ƙas, tayarod ne ko rak, ƙarfen sitiyarin da tayarod ke maƙale a jikinsa. A kama ta sama da ƙasa: boljoyin ne ko boris, abin da tayar ke mirginawa a kansa. Kada a manta da bayan motar, bushin baya in ya mutu sai ka ji kamar wani ne ke tuƙa ta daga but.

Malam Habu: Jama'a na dawo. Da safe na je wurin mai faci a Pantami na tsaya a kansa. Gaba ta hagu 48, ta dama 33. Muka mayar da su 32. Na duba lambar da Injiniya ya faɗa, ɗaya 3714, ɗayar kuma ba kamfaninsu ɗaya ba ma. Da aka musanya su na bi baifas, wallahi sai ta koma jan hagu. Amma yawon bai tafi duka ba. Na kai wa Oga Sale, ya ɗaga ta, ya sa na riƙe tayar da hannuna, tayarod na ciki ta ɓangaren direba yana motsi kamar haƙorin yaro mai famfara.

Injiniya Musa: 3714? Malam, tayar nan ta haura shekara goma. Kada ka hau hanyar Bauchi da ita.

Bappa Direba: To in an canza tayarod ɗin me za a yi mata?

Oga Sale: Alaimen.

Bappa Direba: Alhamdulillahi. Jama'a ku shaida, da bakinsa ya faɗa.

Oga Sale: A ƙarshe, Bappa, ba a farko ba! Da ya bi taka, da ya biya na uku ya fito da ruɓaɓɓiyar tayarsa.

Malam Habu: Ku bar faɗan haka nan. Oga, ita ta 2014 ɗin in mayar da ita safaya?

Oga Sale: Ka ba matan gida su ɗora randa a kai. Gobe ka zo da wuri, ina da Sharon biyu a gabanka.