Zan tafi karatu Xi'an: yaya abinci da zaman birnin suke ga baƙo?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum. An ba ni gurbin koyon Sinanci na shekara guda a wata jami'a da ke Xi'an, babban birnin lardin Shaanxi a ƙasar Sin, kuma zan tashi a ƙarshen watan Agusta idan Allah ya kai mu. Abin da ya fi damuna shi ne abinci, domin ban san yadda zan gane halal ba alhali ban iya karanta rubutunsu ba tukuna. Ina kuma roƙon waɗanda suka taɓa zama can su faɗa mini abin da zan fara yi da isata.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin Xi'an na cikin biranen ƙasar Sin masu sauƙin zama ga Musulmi. Tun kafin ki tashi ki haddace siffar haruffa biyu da ake karantawa "qingzhen", waɗanda su ne alamar halal. Za ki gan su a ƙofar gidajen abinci, sau da yawa a kan koren allo. A bayan Hasumiyar Ganga da ke tsakiyar gari akwai unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, kuma a nan na fara cin yangrou paomo. Za a miƙo miki kwano da gurasa mai tauri, ke da kanki za ki gutsuttsura ta ƙanana da hannu, sannan a mayar da kwanon madafa a dafa ta cikin romon tunkiya. Ranar farko na yi gaggawa na yayyaga manya, sai cikinsu ya ƙi jiƙa, dattijon da ke kusa da ni yana kallona yana girgiza kai. Abin lura shi ne roujiamo, wato gurasar da ake cusa wa nama: a unguwar Hui da naman sa ake yi, amma a sauran gari yawanci na alade ne. Ko ganye kika nema a inda babu wannan alama, ana iya soya shi da kitsen alade.

Hajiya_Mai_Nazari:
Ƙanwata, abinci ba zai wahalar da ke ba, tun da jami'o'i da yawa suna da ɗakin cin abinci na halal. Takardu ne abin kula. Idan bizar X1 aka ba ki, wato ta karatu mai dogon zango, dole ki nemi izinin zama cikin kwana 30 da shigarki, kuma idan a wajen makaranta za ki zauna, sai kin yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Ki sauke WeChat da Alipay, domin da waya ake biyan kusan komai, sannan ki sanar da mutanen gida cewa WhatsApp da Facebook a toshe suke a can. Kada kuma ki karaya idan malamarki ta yabe ki a aji amma kika kasa fahimtar tsofaffi a kasuwa, saboda karin harshen Shaanxi ya bambanta da daidaitaccen Sinancin da ake koyarwa.

Matafiyi_Abu:
Ni ziyara kawai na je, ba karatu ba. Sojojin yumɓun da aka binne kusa da kabarin sarki Qin Shi Huang, waɗanda manoma suka gano a 1974 suna haƙa rijiya, sun cancanci a je, amma ki guji makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, domin ƙeyar mutane kawai za ki gani. Ganuwar birnin, mai kewayen kusan kilomita 14, ana hayar keke a kanta. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne Babban Masallaci, wanda na wuce ƙofarsa sau biyu ban gane ba, saboda rufinsa da farfajiyoyinsa irin na ginin Sinawa ne.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri. Na rubuta haruffan nan biyu a bayan littafina, sai dai Yaya Hajiya, gwajin lafiyar da ake nema don izinin zama, a can ake yi ko in tafi da sakamakona?