Zan kai yara gidan pizza mai injinan wasa

Maman Biyu: Salamu alaikum. Asabar zan kai yarana can, amma ƙaramar, 'yar shekara 3, ko ƙarar injin markaɗe ta ji sai ta toshe kunnuwa tana kuka. Yaya zan yi da ita?

Uwargida: Ki je da zarar an buɗe, kafin a cika. Ki nemi teburi nesa da injinan.

Baban Yara: Maman Biyu, su fara cin abinci, don in suka ga fitilun nan ba mai zama. Ki bari pizzar ta huce, cukunta na riƙe zafi. Ɗana ya taɓa ƙona ganɗa, kwana biyu bai ci abin kirki ba.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Da sassafe za mu fita.