Taƙaitawa: kunna fitilar waje da ta sito ba tare da jan waya zuwa makunni ba

An tattauna kan yadda za a yi hakan. Ga abin da aka tattaro daga ra'ayoyin masu tattaunawar:

1. Mafi yawa sun tsaya kan rimot mai aiki a 433MHz. Risibansa, wato mai karɓar siginar rimot ɗin, ɗan akwati ne da ake sakawa tsakanin wayar wuta da fitila, ba ruwansa da intanet. Matsalarsa ƙarfe: bangon kwano yana cinye sigina. A kafa risiban a waje cikin akwatin roba mai lambar IP65 (alamar cewa yana kare ƙura da feshin ruwa), bakin shigar waya na kallon ƙasa don kada ruwa ya gangara ciki.

2. Kan makunnin Wi-Fi aka rabu. Wasu na son sa saboda saita lokaci daga wayar hannu, wasu suka ce siginar 2.4GHz ba kasafai take kaiwa sito ba. Kaɗan sun fi son Zigbee, wani tsarin sigina mara waya na na'urorin gida, sai dai yana buƙatar nasa akwatin haɗi.

3. Fitilun LED suna fizgar wuta da ƙarfi a daidai lokacin kunnawa. Idan sun yi yawa kan ƙaramin risiba, bakin makunninsa na ciki yakan manne, fitila ta ƙi mutuwa. A raba fitilun gida biyu, kowane da nasa risiba.

4. Yawancin risibobin nan suna buƙatar wayar nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta), a duba kafin saye. Babu wanda ya yi musu kan sanya na'urar kariya ta RCD (mai yanke wuta idan ta fara zurarewa) mai 30mA a layin waje.