Neman shawara kan digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare da ke ƙauye a ƙaramar hukumar Gwaram, jihar Jigawa, kuma digirina na farko a kimiyyar kwamfuta na yi shi, ba a fannin ilimi ba. Burina shi ne in yi digiri na biyu a fasahar koyarwa, domin in koma horar da malamai yadda za su shirya darasi da waya ko kwamfuta a makarantu irin tamu, inda wutar lantarki ba ta zama kuma intanet sai an hau tudu.

Bara na nemi gurbi a wata jami'a, na biya kuɗin fom, amma aka ƙi ɗauka ta saboda ba ni da diflomar koyarwa ta PGDE. Na duba jami'ar Ilori, wadda take da sashen wannan fanni, sai dai nisa da aikina sun hana ni. Karatu daga gida na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya (NOUN) ya fi dacewa da halina.

Malamai, idan na yi PGDE a cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) da ke Kaduna, NOUN za ta karɓe ta a ba ni gurbin digiri na biyun? Na gode.